Ina juya mafarkina don in ga mahaifiyata, ko zan haukace?

Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, shekarata 23. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ummana. Bayan arba'in na yi mafarkinta tana tankaɗe a tsakar gida, kuma a cikin mafarkin na gane cewa mafarki nake yi, amma ban farka ba. Na matsa na gaishe ta, ta amsa. Daga nan na shiga YouTube na koyi yadda ake jawo irin wannan mafarki. Yanzu ina saita ƙararrawar waya ƙarfe uku na dare, in tashi in zauna rabin awa, in koma. Da rana ina ƙirga yatsuna fiye da sau ashirin ina tambayar kaina ko a farke nake. Wani lokaci abin yana yi, in gan ta. Amma wata biyun nan dannau yana yawan kama ni, ina gyangyaɗi a lacca, kuma sau biyu ina cikin mutane na ji kamar duk abin da ke gabana fim ne. Abokin ɗakina ya ce aljanu nake gayyatowa. Ƙanen mahaifina yana da taɓin hankali, yana kan magani. Na kuma ga ana tallar wata ƙwaya da ke kawo mafarkin. Anti, wannan abu zai iya haukata ni? Ba na son in daina ganinta.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Umma, ya haskaka makwancinta, ya ba ka juriyar rashi. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma duka biyun a layin ƙarshe na tsaya. Zan komo kansa. Bari in fara sauke maka babban tsoron.

Mutum ya gane yana mafarki alhali bai farka ba, wannan ba ciwo ba ne. A 2016 wasu masu bincike a Ingila suka haɗa nazarce-nazarcen da aka yi cikin shekara 50, suka ga kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irinsa ko da sau ɗaya a rayuwa, kuma wajen 23 cikin 100 suna yin sa aƙalla sau ɗaya a wata. Ka duba sahun da kake tsayuwa ranar Juma'a. Rabin mutanen nan sun san abin da kake faɗa, ba sa dai ba da labari ne. Tun zamanin Girkawa Aristotil ya ambace shi, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan "lusid" da kake ji a YouTube, a 1913. Ni zan kira shi mafarkin sane.

Ga yadda abin yake. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90. A cikin kowane zagaye akwai wani mataki da idon mai barci ke kai-komo a ƙarƙashin fatar ido, kuma a nan ne mafarki mai tsawo da launi ya fi zuwa. A wannan mataki ƙwaƙwalwa tana kulle tsokokin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma ta bar ido da numfashi. Wannan ƴar kafa ta ido ita ce ta ba masana hujja. A watan Afrilun 1975, a Jami'ar Hull da ke Ingila, Keith Hearne ya yi yarjejeniya da wani mutum mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki, ya juya idonsa hagu da dama yadda suka shirya. Na'ura ta nuna yana cikin barci, ta kuma nuna alamar idon. Stephen LaBerge ya yi makamancin wannan a Jami'ar Stanford ta Amurka ƴan shekaru bayan haka. A 2021 ma aka kai ga yi wa masu barci tambayoyi, har da na lissafi, a ɗakunan gwaji huɗu, a Amurka da Jamus da Faransa da Holan. Aka ce takwas a ɗebe shida, wani ya amsa biyu da motsin ido, yana barcinsa.

Na kawo maka wannan ne saboda abokin ɗakinka. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma abin da ake iya aunawa da na'ura, a kuma maimaita shi a ƙasashe huɗu, aikin ƙwaƙwalwarka ne da Allah ya halitta. Ka riƙe addu'o'in kwanciya barci, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, domin sunna ce kuma suna kwantar da zuciya. Kada dai ka bari a kai ka inda za a yi ta yi maka turare da bulala a kan abin da maganinsa barci ne.

Dannau ma ɗan gidan nan ne. Kullewar jikin nan da na faɗa ce take makara: hankali ya farka, jiki bai samu labari ba. Sai ka ji an danne maka ƙirji, ka kasa ko ɗaga yatsa, wani lokaci ka ga kamar inuwar mutum a bakin ƙofa, domin sauran mafarkin bai gama wankewa daga idonka ba. Daƙiƙoƙi ne zuwa ƴan mintuna, kuma numfashinka yana tafiya ko da kana jin kamar ya tsaya. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa yin sa, amma a cikin ɗalibai adadin ya kai 28, kuma kai ma ka san irin barcin ɗalibai. Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: ƙarancin barci, barcin da ba shi da tsayayyen lokaci, kwanciya rigingine, da damuwa. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka mai da hankali kan motsa ɗan yatsan ƙafa ko harshe, ka bi numfashinka, zai saki. In ka koma, ka kwanta ta gefe.

To yanzu ga inda ba zan ɓoye maka ba. Mafarkin farko, na tankaɗe, shi ya zo maka. Na yanzu kai kake farautarsa, kuma farautar ce take cin ka.

A 2018 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila, Liat Aviram da Nirit Soffer-Dudek, suka yi nazari a kan ɗalibai 187. Abin da suka gani ya yi kama da wasiƙarka har ya ba ni mamaki. Yawan yin mafarkin sane shi kaɗai ba su same shi tare da matsalar ƙwaƙwalwa ba. Waɗanda ma mafarkinsu ke zuwa da daɗi da natsuwa sun fi saura ƙarancin damuwa. Amma masu amfani da dabarun jawo shi da gangan sun fi fama da matsalar barci, kuma da aka sake waiwayar wasu daga cikin ɗaliban bayan wata biyu, sai aka ga jin rabuwa da kai, irin naka na ganin komai kamar fim, da kuma baƙin tunani sun ƙaru ga masu dabarun. Ba cewa aka yi sun haukace ba, ka lura. An dai ga katangar da ke tsakanin barci da farke ta fara yi musu tsaga. Shekara guda bayan haka wasu masana barci biyu, Raphael Vallat da Perrine Ruby, suka yi irin wannan jan kunne, cewa dabarun nan suna yanka barci gunduwa-gunduwa.

Don adalci, akwai binciken da masu bidiyon suke son kawowa. Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada dabarun a kan mutum 355 a 2020, bai ga sun ɓata musu barci ba. Gaskiya ne. Sai dai mako ɗaya suka yi suna gwadawa. Kai kana neman wata goma, da maraici a zuciya da jarrabawa a gaba.

Ka duba dabarun naka biyu da idon basira. Ƙararrawar ƙarfe uku an ƙirƙiro ta ne don ta katse barci daidai lokacin da matakin mafarki ya fara tsawo, domin rabin dare na biyu shi ya fi yawan mafarki. Baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai. In ka kwanta sha biyu kamar yadda na san ɗalibai, ka tashi uku, ka koma uku da rabi, ka sake tashi asuba, me ka samu? Gutsattsari. Gyangyaɗin lacca da dannau daga nan suke, jiki magayi.

Ƙirga yatsu kuwa ya fi ba ni tsoro, duk da shi ya fi kama da wasa. Sau ashirin a rana kana ce wa ƙwaƙwalwarka, ƙila wannan duniyar ba gaske ba ce, duba mini. Ai ƙwaƙwalwa ɗaliba ce mai ƙoƙari, abin da aka nanata mata shi take haddacewa. Ka yi wata goma kana koya mata shakkar farke, yau ta kawo maka darasin a tsakiyar mutane, kai kuma ka firgita. An fita neman gira, ido na neman tafiya.

Akwai kalma ɗaya a wasiƙarka da ta kwantar mini da hankali: "kamar". Ka ce ka ji kamar fim ne. Ba ka ce fim ne ba. Wannan "kamar" ɗin ita ce likitoci suke dubawa. Mai irin wannan jin ya san jinsa ne ya sauya, duniya tana nan yadda take, shi ya sa ma abin yake tsorata shi. Yana samun mutane da yawa lokacin gajiya, fargaba ko sabon rashi, kuma galibi yana wucewa in barci ya daidaita. In ya sake zuwa, ka tashi ka yi alwala da ruwan sanyi, ka taka ƙasa da ƙarfi, ka kira sunan abubuwa biyar da kake gani, ka ja wani da hira. Kada ka ƙirga yatsu.

Maganar baffanka ba zan share ta ba. Mafi yawan waɗanda ke da baffa ko kawu mai irin wannan lalura ba sa kamuwa, don haka kada ka ɗauka an riga an rubuta maka. Amma gado yana da ɗan kaso, kuma shekarun da kake ciki, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa kafin talatin, su ne lokacin da manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana ga maza. Rashin barci kuma yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da su, musamman ciwon nan da ke sa mutum ya yi sama da zumuɗi na kwanaki sannan ya faɗo ƙasa. A 2016 wasu masu bincike a Birazil, ƙarƙashin Natália Mota, suka yi nazarin mafarkin masu taɓin hankali, suka ja kunne cewa koya wa irin waɗannan marasa lafiya sarrafa mafarki na iya ƙara wa abin da ke cikin kansu ƙarfi a kan abin da ke waje. Saboda haka wasan da abokinka zai yi na mako guda ya tashi lafiya, kai ba naka ba ne. Mai ciwon suga a gidansu ba ya shiga gasar shan lemo.

Ƙwayar nan kuwa, ka fita batunta. Wadda ta fi suna a wannan harka ita ce galantamin, kuma asalinta maganin tsofaffi ne masu ciwon mantuwa na Alzaima. Tana sa tashin zuciya da amai da jiri, tana iya rage bugun zuciya. Wadda ake tallatawa a intanet ma ba ka san me aka ɗura a ciki ba. Haka nan maganin tari da ƙwayoyin barci na kemis, kada rashin barci ya kai ka gare su.

Wani zai ce ai likitoci ma suna amfani da mafarkin sane. E, a 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga masu fama da munanan mafarkai, ko da yake wata hanyar ta fifita, wadda mutum ke sake tsara mugun mafarkin da rana yana farke. Wannan ana yin sa ne da mai lura, don wani ciwo takamaimai, na ɗan lokaci. Naka daban ne.

Bari in dawo layinka na ƙarshe, domin can ne maganar take.

Ba na son in daina ganinta. Ɗana, wa yake so? Lokacin da tawa mahaifiyar ta rasu na fi shekara ban yarda an wanke wani zanenta ba, in dare ya yi in ɗauko in shinshina. Ban gaya wa kowa ba sai yau. Don haka ba zan yi maka faɗa ba. Amma akwai abin da nake so ka yi tunani a kansa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na baƙanta rai daga Shaiɗan, da wanda zuciyar mutum take zanta masa. Na farkon nan da ya zo maka ba ka nema ba, ka riƙe shi, ka yi fatan alheri da shi. Wanda kuwa ka saita wa ƙararrawa, ka shiga da niyya, ka kirawo ta da kanka, ka san daga wane kashi yake. Muryar tata ce, fuskar tata ce, amma maganar taka ce. Na faɗi wannan ne don wata rana, in ka kwanta da ɓacin rai, za ta iya juya maka baya a mafarkin ko ta faɗa maka magana mai zafi, domin masu wannan abu sun san ba kullum yake bin umarni ba. Ranar kada ka tashi kana kuka kana cewa Umma tana fushi da kai. Kuma kada ka yanke wani hukunci na aure, karatu ko rabon gado a kan abin da ka ji a can.

Abin da ya fi damuna shi ne rana ta zama maka ɗakin jira. Wanda ya ƙosa dare ya yi, a hankali zai rage zama da abokai, ya rage kiran gida, ya bar karatu ya zube, don duk wani daɗi ya koma bayan ƙarfe uku. Ba ka faɗa ba, amma ina tambayarka: yaushe rabonka da ka zauna da wani ku yi hirar Umma da baki? Mu Hausawa da an share makoki sai a ce wa namiji ya yi haƙuri, shi ke nan an rufe babi. Haƙuri gaskiya ne, amma Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ina zaton kukan da ba ka samu wurin yi da rana ba ne kake kaiwa dare.

Hanyar isa gare ta tana nan, kuma a farke ake bin ta. Hadisin Muslim ya lissafa ɗa nagari mai addu'a cikin abubuwa ukun da ladansu ba ya yankewa. Sa'adu bin Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce e, ya ba da gonarsa. Kai ba ka da gona, amma kana da kuɗin data da kake ƙonawa a bidiyon mafarki. Ka sayi ruwa ka ajiye a masallacin makaranta da niyyarta. In ka je hutu ka ziyarci ƙannenta da aminanta, ka ce su ba ka labarin ƙuruciyarta. Za ka ji abubuwan da ba ka taɓa sani ba, abin da mafarkinka ba zai iya ba ka ba, tunda shi iyakarsa abin da ka riga ka sani.

Ga abin da nake so ka yi daga daren yau. Goge ƙararrawar ƙarfe uku. Daina ƙirga yatsu, in hannunka ya kai da kansa ka mai da shi tasbihi. Ka cire tashoshin nan daga wayarka, domin muddin kana kallon ɗaya za su yi ta turo maka goma. Ka tsayar da lokacin kwanciya, kamar goma da rabi, ka ajiye waya nesa da katifa, ka bar shayi mai ƙarfi da kofi daga la'asar. Ka yi haka mako shida. Kuma ga abin da zai ba ka dariya: tashin asuba da ɗan komawar da mutane ke yi kafin hantsi shi ne ainihin abin da Turawan nan suke saita wa ƙararrawa, shi ya sa mafarkin bayan asuba ya fi zama a ka. Don haka ƙila ta zo maka da kanta wata safiya. In ta zo, ka gaishe ta, ka yi mata addu'a in ka farka, ka tafi lacca.

Akwai kuma abubuwan da ba a jira mako shida a kansu. In ka fara jin muryoyi kana farke ba kowa a wurin, ko "kamar" ɗin nan ta faɗi ka fara gaskata cewa duniya ba gaske ba ce, ko ka yi dare biyu uku ba barci amma kana jin ƙarfi da surutu, ko ka fara zargin mutane suna ƙulla maka wani abu, to ranar ka tafi asibiti. Jin ƙamshinta ko ganin kamar giftawarta sau ɗaya sau biyu yana samun masu makoki da yawa, wannan ba shi nake nufi ba. Haka nan in barci yana sace ka farat ɗaya da rana ko bayan ka gyara na dare, ka gaya wa likita, domin akwai wani ciwon barci mai suna nakolefsi da ke zuwa da dannau da yawan mafarkin sane. Sannan zan tambaye ka kai tsaye, don na fi son in tambaya da in yi shiru: ka taɓa jin gara ka bi ta? In amsar e ce, ko da sau ɗaya, kada ka kwana da ita kai kaɗai. Ka gaya wa mahaifinka ko wani babba da ka yarda da shi yau, ku je tare.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ina so ka leƙa asibitin makaranta cikin makon nan, ka karanta wa likita wasiƙar nan yadda ka rubuto mini, har da maganar baffa. In da bukata zai tura ka gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida a ranar. Baƙin cikin rashi da ya daɗe ya hana mutum gudanar da rayuwa ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin lalurorin da ake dubawa, kuma magana da ƙwararre ita ce kan gaba a maganinsa.

Bayan mako shida ka sake rubuto mini. Ina son in ji awa nawa kake barci, ko dannau ya ragu, da kuma labari ɗaya na Umma da ka samo daga bakin ƙannenta.